Lawali, Ka Maido wa Baba Nomau Ƙasarsa

Daga Ƙauran Namoda, shagon gyaran rediyo da ke bayan tashar jirgin ƙasa.

Zuwa ga Malam Lawali ɗan Goggo Hajo, a duk garin da takardar nan ta cim maka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da tambayar lafiyarka da ta mutanen da kake zaune a cikinsu, ina fatan kana ci kana ƙoshi, kana kuma tsayar da salla a kan lokacinta. Mu nan sai godiya. Ni ne Sahabi ɗan kawunka, taubashinka, wanda ka tafi ka bari da shago, da kaset bakwai, da bakin mutanen gari.

Kada ka ga na sa maka Malam ka ɗauka na huce. Na sa ne don takardar a buɗe take. Ban san inda kake kwana ba, don haka na kwafe ta sau huɗu da hannuna, na raba wa direbobin Jibiya da na Maraɗi da masu zuwa Kwatano ɗauko kaya. Na san za su karanta ta a hanya, kuma na yarda su karanta. Duk wanda ya karanta, ya rage mini mutum ɗaya da zan zaunar in yi wa bayani. Shi ya sa zan faro maganar daga tushe, ba don ka manta ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu na tsaya.

Ka tuna lokacin da aka ba mu sabuwar jiha muka buɗe gidan kallo, benci shida, talabijin ɗaya, da janareton nan mai tari. Da Shari'a ta zo aka ce a rufe gidajen kallo, ni ban yi gardama ba. Na jingine bencina, na ɗauko sukuddireba, na koma gyaran rediyo da bidiyo. Kai ma ba ka yi gardama da baki ba, amma wata guda ka yi kana zuwa shago kana zama gaban talabijin a kashe, kana kallon fuskarka a ciki.

Sai kwalin nan ya zo daga Kwatano, tsofaffin bidiyo 'yan Japan da na saya don in riƙa cirar kayan gyara. A ƙasan kwalin muka tarar da kaset bakwai, an yi musu rubutu kamar an karkarya ashana an jera. Ni na ce mu ɓalle su mu ɗauki ƙusoshin. Kai ka ce mu fara ganin abin da ke ciki. Kwana biyu na yi ina fama kafin hoton ya daina birgima, kuma da na san abin da zai biyo baya, da na bar shi yana birgimarsa har yau.

Wani bawan Allah ne a can Japan ya kwashe shekaru yana naɗar duk abin da aka nuna a talabijin a kan mutum ɗaya, mai jifa a wani wasa da ba mu taɓa gani ba. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata sanda ya ruga, sauran su bi ta. Daga baya wani malamin makaranta ya gaya mana sunansa besbol. Mutumin kuwa muka raɗa masa Mai Kunne, don kunnuwansa sun fito ta ƙarƙashin hula kamar na tukunyar miya. A kaset na farko ɗan makaranta ne, kai a aske. Daga na biyu zuwa na shida ya girma, ga manyan filaye, ga jama'a kamar ranar Idi, ga mota, har tallar taliya yana yi. Na bakwai zarensa ya cukuikuye, ba ya tafiya, muka jefa shi cikin kwali.

Ni abin da na gani, mutane ne ke wahala a rana. Kai abin da ka gani, mafita. Ka ce babu rawa, babu waƙa, babu mata a fili, wando har idon sawu, kowa da hularsa. Har yau ina jin muryarka: “Wanga wasa ko Liman na iya yin shi.” Ka kuwa je wajen Liman, ya saurare ka, ya ce ba laifi, amma ban da sunkuyon nan da ka ce suna yi wa fili da junansu, don ruku'u na Allah ne. Ka ce a riƙa ɗaga hula kawai. Da a nan ka tsaya da kwaikwayo, da yanzu ba na zaune ina ɓata biro.

Ka yanke taɓaryar Goggo da zarto, ba tare da ka tambaye ta ba, ka ce ita ce sanda. Ƙwallo kuwa ƙwallon goriba ne muka naɗe da tsumma da robar tif. Safar hannu ta masu walda. Buhun taki huɗu muka cika da rairayi muka ajiye a kusurwa huɗu. Ka sa wanzami ya yi wa samari goma sha biyu ƙwal-kwabo a yini ɗaya, har da Isiya da saura mako guda a ɗaura masa aure. Ni ka ba ni aikin tsugunne a bayan mai duka, in riƙa cafe abin da ka jefo. Da na ce na kaset yana da ƙarfe a fuska, sai ka ciro murfin fanka a shago ka ɗaura mini da igiya. Kafin ka yi wannan dabarar haƙorina na gaba ya riga ya guntule. Yana nan a guntule, kullum harshena na gaishe shi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka a gaban masu karatu: ka iya jifa. Tun muna tsaron gero a Banga, in tsuntsaye suka sauka, ni sai ihu da buga gwangwani, kai kuwa hoge ɗaya kake ɗauka ka aika shi inda ka ga dama. Ranar da ka fara jefo mini ƙwallon nan ta karkata a iska kamar an kira ta, sai da tafin hannuna ya kwana yana zugi, kuma na ji daɗi. Ban taɓa gaya maka ba don kanka ya riga ya isa girma.

Fili kuwa gonar Baba Nomau ce, ta bakin hanyar Banga. Tsohon nan ba danginmu ba ne, ba abin da ya haɗa shi da wasa, amma da muka je roƙo bayan an kwashe dawa, ya ba mu aro har ruwan farko. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mana, kana tsaye, ina tsaye: “Abin da kuka iske, ku bar mani shi inda kuka iske shi.” Kai ne ma ka amsa da cewa ko tsinke ba za a ɗauka ba.

Da muka gaji da karawa da junanmu, sai ka ce babban wasa sai da abokan karawa. Ka saɓa guntuwar taɓarya, ka hau motar Zurmi, ka yi mako biyu kana koya wa samarinsu. Da hannunka ka ƙera waɗanda za su kayar da kai. A cikinsu akwai wani bahago mai kiwon awaki, wanda bai taɓa ganin kaset ba, bai san akwai wata ƙasa Japan ba, ya dai saba juyo da akuya da tsakuwa daga nesa.

Ranar wasan, bayan azahar, jama'a suka cika gefen gona. Ana tsakiyar wasa sai ga Baba Nomau da sandarsa, ba takalmi kamar yadda ya saba shiga gonarsa. Ya ratso fili kai tsaye, aka dakata masa. Ya zo daidai tudun da ka tara kake tsayawa a kai in za ka yi jifa, ya hau, ya tattaka, ya zunguri gefensa da sanda don ya ga me aka tara masa a gona, sannan ya koma gindin gawo ya zauna. Babu wanda bai gan shi ba.

Bahago ya yi mana kaca-kaca. Ba sai na tuna maka yawan ci ba, mutanen Zurmi suna nan suna tuna wa kowa.

Ana tashi, sai ka durƙusa a kan tudun nan ka fashe da kuka. Ka zaro wata 'yar jakar yadi daga cikin riga, wadda daga baya tela ya gaya mini tun ana saura kwana uku ka kai masa ɗinkinta. Wato ka shirya wa faɗuwa fiye da yadda ka shirya wa wasan. Ka sa hannu biyu kana sharo ƙasa kana zubawa a ciki, kamar yadda Mai Kunne da 'yan makarantarsu suka yi a kaset na farko da aka cinye su a babban filin nan. Ni na san abin da kake kwaikwayo. Ni kaɗai. Sauran jama'a abin da suka gani shi ne saurayi ya durƙusa yana kwashe ƙasar da sawun dattijo ke kai, yana hawaye, bakinsa na motsi. Ta cikin murfin fanka na ga fuskokinsu. Mai tallar rake ma sai da ya daina kira.

Lawali, a ƙasar nan aka yanke maka cibiya. Ka san abin da ake nufi in an ce wane ya ɗebi sawun wane. Muna yara Goggo da kanta take hana mu barin sawu a ƙofar gidan da ba mu yarda da shi ba. Me ya shiga kanka?

Bayan kwana uku ƙafar Baba Nomau ta kumbura. A asibiti suka ce ƙaya ce ta shige shi, ga shi da ciwon suga, shi ya sa wurin ya ƙi warkewa. Mutanen gari suka ce sun ji, ƙaya ce, amma wa ya aiko ta?

Dattawa suka kira ka zauren Liman. Babu wanda ya ɗaga maka murya, ina wurin. Abin da ake nema kaɗan ne: ka kwance jaka, ka je ka zazzage ƙasar inda ka ɗebe ta, ka ce ka yi kuskure. Ina ta taka maka ƙafa. Sai ka gyara hula, ka dubi mutanen da suka halarci sunan ubanka, ka ce ba za su gane ba, al'adar manyan 'yan wasa ce. Washegari da hantsi aka ce an gan ka a motar Jibiya. Na ruga ɗakinka. Ka bar safar walda, ka bar takalmanka na Juma'a, ka tafi da jakar.

Damina biyu ke nan.

Bari in gaya maka abin da ka bari, tun da ba ka tambaya ba. Matan da ke sayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a wajen Goggo Hajo sun koma wani gida. An yi suna uku a layinsu ba a aiko mata ba. Maƙwabciyar da take ara mata taɓarya tun da ka yanke tata, ita ma ta ce tata ta tsage, alhali kullum da safe muna jin dakanta. Na je kasuwar Shinkafi na sayo mata sabuwa. Ta karɓa, ta yi godiya, amma guntuwar nan da ka yi sanda da ita tana nan jingine a bayan ƙofarta, tana share mata yana. Duk direban da ya ce ya gan ka, ba ta tambayarsa yaushe za ka dawo. Abu ɗaya take tambaya: “Ya rame?”

Ni kuwa masu kawo gyaran rediyo a bakin ƙofa suke tsayawa, su miƙo da hannu. Akwai wanda in ya tashi tafiya sai ya ja ƙafa ya shafe inda ya tsaya. Ina gani, ina yi masa Allah ya kiyaye hanya.

Sai wani direba ya dawo daga Kwatano ya ce ya gan ka kana dakon tsofaffin firji, kana tambayar mutane ko jiragen ruwan da ke kawo kayan suna komawa Japan da fasinja. Wannan bai dame ni ba, na san ka. Abin da ya sa na ajiye kofin shayina shi ne da ya ce jakar tana rataye a wuyanka. A tsakiyar tasha ya faɗa, gaban kowa. A wuya, Lawali. Kamar laya. In da maƙiyinka aka ba kwangilar ɓata maka suna, da bai yi tunanin wannan ba.

Na ga babu mai wanke ka sai kaset ɗin da ya ɓata ka. Na je wajen Liman na roƙi izinin nuna shi sau ɗaya, a matsayin shaida, ba kallo ba. Ya yi shawara, ya amince. Na ɗora talabijin da bidiyo da janareto a amalanke, na tura har zauren Baba Nomau bayan la'asar. Dattawa suka zauna, aka jingina Baba da matashi. Na ciro kaset daga kwalinsa da na rubuta wa lamba ɗaya da hannuna. Ashe ka musanya su, kamar yadda ka saba mayar da komai inda hannunka ya kai. Na biyar ne a ciki, kuma daidai wurin da mu kanmu muke tsallakewa. Hoto na fitowa sai ga Mai Kunne a tsakiyar 'yan mata masu guntayen kaya, riƙe da kwanon taliya, yana rausaya, suna yi masa amshi. Liman ya miƙe, ya nemi takalmansa, sauran suka bi shi. Na rasa maɓallin kashewa, ni da nake gyaran abin, sai waya na fizge. Baba Nomau da ba ya iya tashi shi kaɗai ya kalla har ƙarshe. Ya tambaye ni a hankali ko wannan aikin ne ka tafi nema.

Wata huɗu na yi ina gaida Liman safe da yamma kafin ya sake yarda.

Karo na biyu sai da na duba kaset ɗin sau uku a shago, har daidai inda muka saba tsayawa. Dattawa suka ga yaran nan masu askakken kai sun jeru suna kuka, suna sharar ƙasa da hannu biyu suna cika jakunkuna. Wani daga baya ya ce ashe ƙasar gaba ɗaya sana'arsu ke nan. Baba Nomau ya matso da kai. Da aka zo wurin da Mai Kunne ke ɗaure bakin jakarsa yana goge hanci, sai na kai hannu zan tsayar. Ka san dalili. A daidai nan kake tsayarwa kullum, ka mayar baya, ka sake kallon kukan. Ko sau ɗaya ba ka bari mun wuce wurin ba, ni ma har na ɗauka nan ne ƙarshe. Sai Baba ya ɗaga sanda ya tare mini hannu, ya ce in bari, yana so ya ga inda za su kai ta.

Ka saurara, don wannan ne abin da ba ka tsaya ka gani ba. Mota suka shiga, sannan jirgin ƙasa. Suka sauka a wani ɗan gari mai gonakin shinkafa kamar fadamarmu. Tsofaffi sun taru a tasha, ba wanda ya yi musu tsawa don an cinye su. Wata ƙaramar mata mai irin kunnuwan nan ta karɓi jakar kayan Mai Kunne. Daga nan sai aka nuno su a ɗan filin makarantarsu, fili mara kyan gani, ko gonar Baba ta fi shi. Suka jeru, kowa ya kwance jakarsa, suka watsa ƙasar nan a kai, ƙannensu na tsaye suna kallo. Mai Kunne har juya tasa ya yi ciki waje ya kakkaɓe.

Baba Nomau ya koma ya jingina, ya ce: “To, waɗanga ƙasar baƙi suka ɗebo suka kawo gida. Naku ta gida ya ɗiba ya kai ma baƙi. Ashe ko kwaikwayon bai iya ba.”

Ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni ban yi dariya ba. Ina ta lissafin cewa tsakaninka da duk wannan bala'in, ɗan abin da bai kai tsawon tafasar ruwan shayi ba ne, da ka iya haƙurin barin kaset ya ci gaba.

Kada ka yi saurin cewa magana ta ƙare, da ta ƙare ba zan rubuto ba. Mutum tara ne suka ga kaset ɗin, kuma ba za a sake ba ni izinin tara jama'a ba. 'Ya'yan Baba biyu da ke Gusau ba su gani ba, matan gari ba su gani ba, su kuwa ƙafa suke gani. Baba ya ce shi a ransa babu sauran zargi. Amma ya ce abin da aka ɗauka a gaban jama'a, a gaban jama'a ake mayar da shi, kuma da hannun da ya ɗauka. Ba zan ɓoye maka ba, na ce masa in ya yarda in ɗinka wata jaka, in cika ta, in ce kai ka aiko. Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ya ce bai yi ƙarya da ƙafa biyu ba, ba zai fara da ɗaya ba.

Ƙafar ba ta yi sauƙi ba, Lawali. Yanzu ba a fito da shi zaure sai ranar Juma'a, kuma kunu kaɗai yake iya sha. Rai na hannun Allah, yana iya riga mu, muna iya riga shi. Amma ka fi ni sanin garinmu. In ya cika ƙasar nan tana wuyanka, babu kaset, babu Liman, babu rantsuwar da za ta wanke ka. Goggo za ta ƙare kwanakinta ana nuna ƙofarta da leɓe. Wannan ita ce maganar, sauran duk ƙorafina ne.

Na gyara kaset na bakwai. Na warware zaren a hankali, na yanke inda ya taune, na haɗa da salatif. Tun da shi kake son zama, ya kamata ka san yadda ta kaya masa. An yi masa aiki a gwiwar hannu, har tabon suka nuna. Ya dawo yana jifa, ana maka ƙwallon tana fita bayan katanga. Ya daɗe a benci. Sai ga shi da wata riga daban, a ƙaramin fili, 'yan kallo ba su fi na wasanmu da Zurmi ba. Daga nan sai wasannin ban dariyarsu na talabijin. A zaunar da shi, kwano ya faɗo masa a ka daga sama. A maƙala masa abin matse shanya a kunnuwa. A sa shi tsallaka wani katako ya zame ya faɗa cikin garin fulawa, ya fito fari fat, jama'a na ta shewa. Mutumin da fili guda ke kiran sunansa.

Da farko haushi na ji, har na kashe. Sai na sake kunnawa na lura da abu ɗaya. Duk sanda aka yi masa haka, ba ya barin wurin. Yakan miƙe, ya tsaya da garinsa a fuska, ya jira har dariyar ta ƙare, sannan ya koma kujerarsa. A ƙarshen kaset kuwa, ga shi da furfura, a ɗan filin makarantar nan dai, riƙe da manjagara yana baje ƙasa kafin yara su fito. Daga nan zaren ya ƙare.

To ga abin kwaikwayo na samo maka, kuma wannan karon na kalla har ƙarshe. Ka zo ka tsaya a yi maka dariya. Za a yi, kada in ruɗe ka. Isiya zai yi, tela zai yi, mutanen Zurmi sai sun cika mota sun zo. Amma yini ɗaya ne, kuma wanda ake yi wa dariya ba a tsoronsa. Goggo ta fi buƙatar a yi wa ɗanta dariya fiye da a riƙa yin shiru in ta shigo. Ni zan tsaya kusa da kai. In ka ga abin zai yi yawa, murfin fanka yana nan, sai in ara maka.

Ɗan'uwana, shagon ya yi mini faɗi. Babu mai musanya mini kaya, komai yana inda na ajiye shi, kuma ban ji daɗin hakan ba kamar yadda na zata. Safar waldar nan nakan shafa mata man gyaɗa don kada ta bushe. Wani lokaci in na wuce ta hanyar Banga nakan tsaya gindin gawo. Damina biyu Baba yana hana a nome tudunka. Dawa takan tashi ta kewaye shi, shi kuwa yana tsakiya, da ɗan ramin da hannuwanka suka bari. Bana 'ya'yansa sun ce za su baje shi, ya ce su jira ruwan farko. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas.

Kada ka tsaya neman tsaraba, kada ka tsaya ɗinka sabuwar riga don a ce ka samu. In jakar ta huje ƙasar ta ragu, ka zo da abin da ya saura. In babu ko ƙwaya, ka zo da jakar, ka juya ta ciki waje a gabansa. Motar Jibiya ta Zurmi take biyowa, in kun iso sai ka ja hula ka rufe fuska, ba su daɗewa a tasha.

Kaset na farko yana cikin bidiyo, na tsayar da shi daidai inda kake tsayarwa. In ka gama da gona ka gaida Goggo, sai ka zo shago. Zan riƙe maka hannu biyu da kaina, mu bar shi ya wuce.

Allah ya ba Baba Nomau lafiya, ya ara masa kwanakin da zai ga ƙasarsa ta koma inda aka iske ta. Allah ya sanyaya wa Goggo Hajo zuciya, ya maido mata da sallamar maƙwabta a ƙofarta. Allah ya tsare ka a hanya, ya sa takardar nan ta riga ruwan farko isa gare ka, ya kuma ba ka haƙurin karanta ta har layin ƙarshe ba tare da ka koma baya ba. Amin.

Naka, mai tsugunne yana jiran ka jefo,
Sahabi mai guntun haƙori.